Rezo Biyu

Mai kakin yana tauna asuwaki lokacin da ya buɗe kwalina. Ya riga ya lalube buhun wata tsohuwa, ya ɗaga murfin bokitin wata mata, duk da hannu ɗaya, idonsa yana kan hanya. Da ya zo kan nawa sai ya zaro kati guda ta igiyarsa, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kamo ɓera ta wutsiya. Na ga bakinsa ya daina motsi. Bai dube ni ba, direba ya duba.

"Sauke mata kayanta. Ku ku wuce."

Tun daga tashar Jibiya muke hira da matar da ke gefena, har gyaɗa ta ɗebo mini daga jakarta, ta ce in na isa Maraɗi in nemi gidan ƙanwarta. Ina miƙewa ta janye gefen zanenta daga jikina, ta mai da fuska ɗaya tagar. Direban ya dire kwalin a ƙasa, ya ɗora jakata a kai.

Na ce, "Malam, ka ɗan jira ni mana."

Ya ce, "Ɗiyata, mutane gare ni cikin mota."

Aka ɗage musu sanda, suka wuce. Hantsi ne, rana ba ta yi zafi ba tukuna, amma na ji gumi yana bin tsakiyar bayana. Mun baro Magama, mun wuce shingayen namu lafiya, wannan ne na farko a tsallake, cikin ƙasar Nijar. Ko tafiyar kirki ba mu yi ba.

Bari in faɗi abin da ke cikin kwalin, don ni kaina a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba. Tun da na gama sakandare nake aiki a wani shagon kwamfuta a Jibiya, ina buga takardu, ina manne su da leda, kullum in taho daga Farfaru in koma. Wata rana wata ƙungiya ta zo ta tara 'yan mata, aka yi kwana uku ana koya mana yadda za mu kare kanmu a waya. Wadda ta jagorance su daga Abuja ta zo, Anti muke ce mata. A bakinta na fara jin wai mutum yana da haƙƙi ko a intanet: kada a leƙa saƙonsa, kada a yanke masa layi ba bayani. Na yi dariya ranar, don mu da yanke layi ba bayani muka tashi. Ta ce ai saboda irinmu ne bana za a yi babban taro a Maraɗi, da mutane daga ƙasashe da yawa. Wai an gaji da yin sa a manyan otal na manyan birane, gara a kawo shi kusa da waɗanda abin yake ci.

Ta ga ina da saurin hannu, sai ta ba shagonmu aikin katunan wuya na mahalarta, ni kuma ta sa sunana cikin masu zuwa. Ita ta tsara yadda katin zai kasance: hoto babba, suna, ƙasa, sai aikin mutum daga ƙasa da manyan baƙaƙe. Ɗan jarida. Lauya. Mai fafutika. Ta ce haka ake yi a tarukan duniya. Kwana uku na yi ina yanka, ina mannewa, ina zura igiya, har na haddace fuskokinsu. Nawa na yi a ƙarshe, sau biyu ina sake shi don hoton bai yi mini ba.

Saƙonta na ƙarshe da na gani cewa ya yi in taho ranar Laraba da kwalin, za a tarbe ni a tasha. Ranar Asabar da yamma sabis ya ɗauke a duk yankinmu, har cikin Jibiya. Wasu suka ce man injin ne ya ƙare, wasu suka ce batura aka sace, wasu suka ce da gangan aka kashe saboda mutanen daji. Ba wanda ya zo ya ce mana ga dalili. Ban damu ba, mun saba. Ina da wani layin na Nijar da yayana ya saya mini, kusan kowane gida a wajenmu akwai irinsa. In namu ya mutu sai a hau wani tudu bayan gari a kamo na tsallake a yi kira. Kira kawai nake yi da shi, ban taɓa sa masa data ba. Amma takardar da Anti ta ba mu muka cike, gurbin lamba ɗaya ne a jikinta, na kuwa sa ta gida. A kwana huɗun nan kitso na yi, na karɓo ɗinki, Inna ta yi ta zagaya maƙwabta tana nuna musu katina.

Mai asuwakin ya ce in ɗauki kwalin in shiga biro. Na san biro ofis ne a bakinsu, ba abin rubutu ba. Mu 'yan bakin iyaka muna taƙama da wannan. Mun san lakwal makaranta ce, mun san in sun ce za su likita asibiti za su, mun san rezo shi ne sabis na waya. Ni a ganina ba wata magana tasu da za ta ɓace mini.

Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, benci ɗaya, fanka tana juyi ba iska. Wanda ke bayan teburin Shef suke ce masa. Siriri ne mai tabarau, farcensa a yanke tsaf. Wata mai kaki tana tsaye bakin ƙofa tana wasa da makullai, ita kuma Madam. Shef ya juye katunan a kan tebur, ya baza su da gindin alƙalami kamar yana ƙyamar taɓa su. Bai ce in zauna ba.

"Mi kinka zo yi ƙasarmu?"

"Taro, yallaɓai."

"Wane taro? Wanda anka hana tun shekaranjiya?"

Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

"Ba ki sani ba. Waɗanda sunka taho ta sama an mai da su daga filin jirgi. Mai otal ya kulle zaurenshi. Har masu tallar ruwa sun ji, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Ke da kinka ɗauko sunayensu duka da hotunansu cikin kwali, kamar mai kai tumatir kasuwa."

Ya jawo farar takarda, ya gyara tabarau.

"To, mu bar wasa. Ke a wane rezo kike?"

Sai na ji sanyi a raina. A ƙarshe dai an yi mini tambayar da na san amsarta, kuma ina ganin ita ce za ta wanke ni.

"Biyu gare ni, yallaɓai. Na gida da na nan."

Ya ɗago. "Har da na nan?"

"E, har da na nan."

"Wa ya sa ki ciki?"

"Yayana. Shi ya fara, sai ya ce ni ma ya kamata."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

"Ku nawa ne?"

"Ai yallaɓai a garinmu kusan kowane gida akwai. In na gida ya mutu sai mu koma na nan."

"Ina kuke haɗuwa?"

"Akwai wani tudu bayan gari. Da yamma kowa can yake hawa, nan ya fi kamawa."

Rubutu kawai yake yi da Faransanci, hannunsa yana gudu. Madam ta daina wasa da makullan. Ni kuwa ina ta ƙara bayani, har ina jin daɗin yadda yake saurare. Ya nemi sunan yayana da sana'arsa, na ba shi, na ƙara masa da cewa duk mako yana shigo da albasa kasuwanninsu.

Yanzu na san abin da ban sani ba ranar. Kalmar fuska biyu gare ta. A tasha da kasuwa rezo sabis ne. A bakin mai kaki, a cikin biro, rezo gungun mutane ne masu aiki a ɓoye, masu haɗa baki a kan gwamnati. Kafin a sha kofin shayi ɗaya na amsa da bakina cewa ina cikin gungu biyu, ɗaya a ƙasarsu, cewa yayana ne ya shigar da ni, cewa duk garinmu yana ciki, har wurin taruwa na faɗa.

Ya fita da wayarsa. Na jiyo shi ta taga yana magana da wani cikin ladabi, yana ta "wi, wi", wato "e, e" da Faransanci. Da ya dawo fuskarsa a sake take.

"Bayan la'asar mota za ta zo daga birni. Can akwai masu tambayar irinku. Su ba su da sauri ko kaɗan."

Na san abin da ake faɗa game da irin wannan mota. Akwai wani mai gyaran waya a layin shagonmu da aka taɓa ɗauka haka, watanni mutanensa suna yawo ofis-ofis, ba wanda ya amsa cewa yana hannunsa.

Na ce, "Yallaɓai, mi na yi?"

Ya ce, "Ai ke kinka faɗi. Ni rubutawa kawai na yi."

Madam ta ja ni bayan wani labule. Ta sa na cire hijabi, ta zazzage jakata, ta ɗaga sabon ɗinkina da yatsa biyu ta yar. Daga nan ta bi kitsona layi-layi tana latsawa, wai ko na ɓoye wani abu a ciki.

"Wa ya yi miki kitson ga? Ya yi kyau. Asara, can aske shi za su yi." Ta tura kaina gefe. "'Yan lakwal. An ba ku waya kun ɗauka kun fi iyayenku. Su waɗanda sunka aiko ki suna ina yanzu? Suna cikin sanyi suna shan lemo."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ta faɗa.

Da muka fito Shef ya tura katunan ƙasa da gefen hannunsa, ya ce in zauna in ware su ƙasa-ƙasa, na ƙasarsu in ajiye su dabam. Na zauna a kan siminti na fara. Ga wani tsohon lauya da hularsa a karkace. Ga wata 'yar jarida mai wushirya, 'yar ƙasarsu, wadda hotonta ya zo da duhu, ni na zauna na haska shi har fuskarta ta fito sarai. Na riƙe katinta, na so in cusa shi cikin na wata ƙasa, na ɗago na ga Madam tana kallon hannuna. Na ajiye shi inda aka ce. Na gaya wa kaina ai ƙasar tana rubuce a jiki, ko ban ware ba za su ware. Haka ne. Amma dai hannuna ne ya ware. Shef ya ɗaure nasu da roba, ya jefa cikin durowa.

Da azahar ta yi Madam ta dire mini buta, ta tsaya a kaina har na idar. Ban san raka'a nawa na yi ba.

Bayan nan ne Shef ya ce in buɗe wayata. Na tuna Anti a gaban allo, da murmushinta, tana ce mana kuna da haƙƙin ku ƙi. Na sa yatsa na buɗe. Ya yi ta dubawa, bai ga sabon abu ba, komai ya tsaya tun Asabar. Madam ta karɓa ta jona ta da intanet ɗin tata wayar, ta ajiye a kan tebur.

Wayar ta fara kuka. Saƙo yana bin saƙo, tana rawa a kan katako har ta kusa faɗowa. Na kwana huɗu ne duk suke shigowa a gabansa. Ya karanta wanda aka tura wa kowa da kowa, don akwai shi da Faransanci: an janye izinin taro, kada kowa ya taso, za a mai da shi ta intanet saboda lafiyar mahalarta. Sai ya buɗe wanda Anti ta turo mini ni kaɗai. Da Turanci yake. Ya juyo mini da wayar.

"Karanta. Da Hausa."

Na karanta a zuci tukuna. Na so in canja, amma ban san iyakar Turancinsa ba, watakila gwada ni yake.

"Ta ce kada in taho."

"Sai mi?"

"Ta ce katunan, kada in bari kowa ya gan su."

"Sai mi?"

"Ta ce in ƙone su."

Saƙo ɗaya ke nan da ta turo, ranar Litinin da safe. Ɗaya. Daga baya da muka yi magana ta ce mini ta ga alama ɗaya ce a gefensa, wato bai shiga ba, amma ta ɗauka zai shiga. Ita ce fa ta koya mana ma'anar alamar nan. Ta san sunan shagonmu, ta san direbobin Katsina suna shiga Jibiya kullum, takarda ɗaya a hannun ɗayansu ta isa. Ta ce abubuwa ne suka yi musu yawa, ga masu jirgi, ga mai otal, ga baƙin da aka tsare a filin jirgi. Sun zauna sun lissafa haɗarin kowa, sun manta da wadda suka ɗora wa sunayen kowa a kai. Ta ce taron na intanet ya yi kyau ƙwarai. Ban gani ba, ranar ma ba mu da sabis. Na tambaye ta labarin mai wushirya, ta ce suna bibiya. Har yau bibiyar suke yi.

Madam tana kallon wayar da ba ta daina motsi ba, sai ta ce, "Kai! Kwana nawa wayar ga ba ta ga rezo ba?"

Na ce, "Kwana huɗu, Madam. Ai shi nake ta faɗa wa yallaɓai tun safe. Rezon gida ya mutu tun Asabar, na nan kuma Anti ba ta da lambarshi."

Shef ya cire tabarau.

"Lambar mi?"

"Lambar rezon nan, yallaɓai."

Na zare allurar hijabina, na soka a gefen wayar, na zazzago layukan biyu a tafin hannu. "Ga su. Wannan na gida, wannan na nan. Shi ne yayana ya saya mini."

Madam ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa. "Shef! Layin waya take nufi! Tudun ma na neman rezo ne!"

A lokacin ne na gane. Na bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya a kaina, na ji abin da na amsa. Na ɗauka shi ma zai yi dariya, a ce kuskure ne, a sallame ni. Bai yi ba. Ya dubi shafi biyun da ya cika, ya dubi wayarsa. Ya riga ya gaya wa na sama da shi cewa ya yi babban kamu, an riga an tayar da mota saboda maganarsa.

"Ke kin ɗauka ni yaro ne? Da safe rezo biyu, da rana layi biyu. In mota ta zo ki ce musu tukunya biyu kinka nufa." Ya buga tebur. "In ba ku da abin ɓoyo, don mi za a ce ki ƙone?"

Madam ta matsa ta yi masa wata magana da Faransanci, ƙasa-ƙasa. Ba don ni ta yi ba, na ga alama kunyar da za su sha take gudu. Ya daɗe yana juya alƙalami.

"Ba ni lambar yayan naki. Shi zo nan da ƙafarshi in tambaye shi, ke ba ki buɗe baki ba. In maganarku ta zo ɗaya, in duba. In ta saɓa, mota tana da wurin mutum biyu."

Yayana yana da mata da 'ya'ya uku, shi ke riƙe da Inna tun rasuwar Baba. Ina so in rubuta cewa na yi jinkiri, cewa na ce a'a, a tafi da ni ni kaɗai. Ban yi ba. Kafin ya rufe baki na karanto masa lambar. Ya kira da kansa, ta shiga, don yayana yana Magama ranar yana lodin albasa, layin tsallake yana kamawa a can. Kalma huɗu ya faɗa masa: ƙanwarka tana hannunmu, zo.

Aka kira la'asar bai iso ba. Motar ce ta riga shi. Na ji tsayuwarta, na leƙa ta taga: baƙa ce, bayanta a rufe, ba taga. Mutum biyu suka fito, ba kaki a jikinsu, suka zauna inuwa aka kawo musu shayi. Direban bai kashe injin ba. Ƙarar injin nan har yau in na ji irinta a tasha sai na waiwaya. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya gama shayinsa a natse, ya taso ya tsaya bakin ƙofa yana kallona kamar yana auna nauyin buhu.

Sai ga ƙarar babur. Warin albasa ya riga yayana shigowa. Ya shigo da hula a hannu, ya yi sallama, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har da Madam. Shef ya ce in juya in fuskanci bango. Na juya. Fentin ya ɓaɓɓare a daidai idona, na ƙura masa ido.

"Kai ne yayanta?"

"Ni ne, Shef."

"Kai ne ka sa ta cikin rezo?"

Na cije leɓe har na ji gishirin jini. In ya gane abin da ake nufi zai musa, ya ce bai san komai ba, magana ta saɓa da tawa. In ya ce e ya yi shiru, ya amsa laifi ke nan a gaban mai furfura.

"Ni ne, Shef," in ji yayana. Ya yi shiru. Ashe gumi yake sharewa. "Ni na sa ta. Na nan ko? Ai ni na saya mata a kasuwarku, da katin shaidata anka yi rajista. In wani ta zaga da shi, ni za a tambaya, yarinya ce. Amma Shef, tunda zance ya zo, rezon naku ma kwanan ga ba shi da kirki. Sai ka hau tudu kana ta alo, alo, kamar sabon mahaukaci, kati yana ƙarewa ba ka ji komi ba."

Wani ya yi dariya ta hanci. Ba Madam ba ce, mai furfurar ne. Na ji takunsa ya shigo, na ji an ɗauki takarda daga tebur. Ya daɗe yana karantawa. Ya yi wa Shef tambaya ɗaya da Faransanci, Shef ya ba da amsa doguwa, muryarsa ta ƙanƙance. Na ji an yar da takardar.

"Juyo," in ji mai furfurar.

Na juyo. Ba ni yake kallo ba, katunan da ke zube a ƙasa yake kallo. Ya tambaya ina sauran, Shef ya jawo durowa ya miƙa masa ɗaurin nan mai roba. Mai furfurar ya buɗe su da babban yatsa kamar mai duba karta, ya ɗan tsaya a kan wasu, ya gyaɗa kai. Ya zura su a aljihun gaba, ya sa aka tattara na ƙasa aka mayar cikin kwalina, aka kai mota. Har da nawa, wanda na sake sau biyu. Ya fita. Motar ta juya ta tafi.

Shef bai yaga takardar ba. Ninke ta ya yi, ya sa a durowar da katunan suka fito. Ya turo mini layukana biyu da gindin alƙalami, wayar kuwa ya ɗora hannu a kanta.

"Wagga ta zauna. Ku ɓace mini. Kada in sake ganin fuskarki a hanyar ga, ko biki kinka zo."

Madam ta cillo mini jakata, rabin kayan a waje. "A gaida 'yan taro," ta ce.

Yayana ya ja ni muka fita. Ya tayar da babur, na hau. Mai asuwakin ya ɗauki lokaci kafin ya ɗaga sanda, yana kallonmu, yana tofar da yawu. Muna tafe ina waiwaye. Duk motar da ta taso a bayanmu sai in ga kamar baƙa ce, sai in ga kamar mai furfurar ya sake shawara. A shingen namu wani ya ce wa yayana, "A'a, mai albasa, yau amarya ka ɗauko?" Hannu kawai ya ɗaga masa.

Sai da muka shiga tsakiyar Magama, cikin hayaƙin masu tsire da ihun 'yan kamasho, ya tsaya gaban wani shago ya kashe babur.

"Saki rigata, za ki yaga ta."

Ban san na damƙe ta ba. Yatsuna sun ƙi buɗewa, sai da ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Na sauka, na zauna a kan dakalin shagon. Ya karɓo ruwan leda ya miƙo mini, na kai baki na kasa hudawa, haƙorana suna haɗuwa. Ya karɓa ya huda da nasa ya mayar mini. Agogon bangon mai shagon yana kan biyar da rabi.

Ya tsuguna a gabana. Idonsa ja ne, ban san ko iskar hanya ce ba.

"An gama. Nan Magama ce, ba mai biyo ki nan. Kin ji ko? Kin tsira." Ya miƙe yana kakkaɓe hularsa. "Sha, ki wanke fuskarki da sauran. Kada Inna ta gan ki haka."